2,147,483,647: Lambar Da Kwamfuta Ke Cin Birki A Kanta

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta da na lissafi, ga wata lamba da ya kamata ku haddace kamar lambar wayarku: 2,147,483,647. Biliyan biyu da ɗoriya kenan. In ka jera 2 har guda 31, ka ninka su da juna, sannan ka cire 1, ita za ka samu.

To wane aji take? Da farko dai mara ce, ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare. Na biyu, gagara-rabo ce, wato babu lambar da za ta raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772, da alƙalami da takarda kawai. Na uku, tana cikin dangin Mersenne, sunan wani masani ɗan Faransa na ƙarni na 17. Su ne gagara-rabon da ake samu in an ninka 2 da kanta an cire 1, irin su 3, 7, 31 da 127. Tamu ita ce ta takwas a jerin. Kun lura ita ma 31 ɗin 'yar gidan ce?

Wani zai ce, ina ruwana? Ai kuwa da ruwanka. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga. In an ware wa lamba gurbi 32, ɗaya na nuna ko tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31. Cika su duka da 1, ka iso lambar nan. Ita ce iyakar int a Java. Ƙara mata 1 kacal, sai ta wuntsila ta koma −2,147,483,648, kuma ba za a yi maka gargaɗi ba.

A 2014 masu kallon bidiyon Gangnam Style sun zarce wannan adadi, YouTube ta sanar cewa ta koma gurbi 64. Akwai kuma na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. A ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, ƙirgar za ta cika, duk na'urar da ba a gyara ba ta ɗauka a 1901 take.

Ga wanda ya fi kusa da mu. In furojek ɗinka manhajar ajiyar kuɗi ce, kuma da kwabo kake lissafi a int, iyakarka naira 21,474,836 da kwabo 47. Kuɗin makarantar 'yan aji biyu ma na iya haura haka, sai ka ga mai kuɗi ya wayi gari da bashi. Saboda haka, kafin ka kai aikinka gaban malami, duba inda kuɗi da lokaci suke, ka mayar da su long mai gurbi 64. Rigakafi dai ya fi magani.