Daga Ɓawon Gyaɗa Zuwa Batirin Da Ke Shekara Goma

Akwai wani irin batir da ba a yi masa caji, amma yakan shekara goma a ajiye ƙarfinsa bai ragu ba sai ɗan kaɗan. Da shi ake tafiyar da mitocin gas, da kayan sadarwar soja, da waɗansu na'urorin da likitoci ke dasawa a jikin majiyyaci, inda mutuwar batir ke nufin sake yin tiyata.

Kamfanin Matsushita na ƙasar Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, shi ne ya fara fitar da shi kasuwa a shekarun 1970. Gefe guda na batirin ƙarfen litiyam ne, ɗaya gefen kuwa gawayi ne da aka gasa cikin iskar fulorin a zafin da kan kai digiri 600. In an kunna na'ura, litiyam sai ya riƙa janye fulorin daga jikin gawayin sannu a hankali, ta haka wuta mai ƙarfin bolt 3 take fitowa.

Gawayin da aka saba amfani da shi daga tukar man fetur ake samunsa, ko kuma daga girafait, wato baƙin ma'adinin da ke cikin fensir. Ƙasar Sin ce ke haƙo mafi yawan girafait na duniya, kuma a watan Disamba 2023 ta ƙara tsaurara ƙa'idar fitar da shi waje. Wannan ya ƙara wa binciken da masana ke yi a kan ɓawon kwakwa, da ɓawon gyaɗa, da totuwar masara, da buntun shinkafa muhimmanci.

Ana ƙona waɗannan abubuwa a cikin tanda da aka hana iska shiga, har su zama gawayi. Fa'idarsa ita ce ƙananan ramukan da tsiro ke jan ruwa da su ba sa toshewa gaba ɗaya. Ta nan litiyam ke samun hanyar kutsawa, abin da ke rage babban aibin wannan batir, wato nauyin jiki da ɗaukar zafi in an nemi wuta mai yawa a lokaci guda.

Sai dai da sauran aiki. Buntun shinkafa cike yake da sinadarin yashi, sai an wanke shi tas. Ɓawon bana ba lalle ya yi daidai da na bara ba, alhali batirin asibiti ba ya karɓar sauyi. Iskar fulorin kuma guba ce mai cin ƙarfe, sai ƙwararru ke iya sarrafa ta. Saboda haka yawancin aikin yana ɗakunan bincike tukuna.

A Nijeriya buntu na nan tsibi-tsibi a bayan injinan shinkafa na Kano da Kebbi, an kuma buɗe masana'antar sarrafa duwatsun litiyam a Jihar Nasarawa a 2024. Abin da ya rage shi ne masu ilmin haɗa su, kuma a jami'o'i ake samun waɗannan.