Littattafan ban tsoro na matasan jiya: Me ya sa ake neman su, kuma ina kashi na biyu ya shiga?

A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a Dutse, akan yi kiciɓis da tsofaffin littattafan Hausa a ƙasan akwati, bangonsu ya koɗe, wasu shafukan gara ta taɓa. Cikinsu akwai labaran aljanu, matsafa, dodanni da gidajen da ba a shiga, waɗanda matasan shekarun 1990 suka riƙa karantawa da fitilar ƙwai bayan sallar isha'i.

Waɗancan matasa su ne iyaye a yau. Wanda ya so sake karanta irin wannan labari, ko ya miƙa wa ɗansa, yakan tarar kashi na ɗaya ne kaɗai ya rage, ragowar sun yi ɓatan dabo.

Tushen labaran

Ban tsoro ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Dodo ya daɗe a tatsuniya, sannan rubutattun labarai suka ɗora a kai. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, dukansu sun shiga duniyar aljanu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya a 1951, sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, labarin yaron da aka tafi da shi sararin samaniya.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga zamanin da wasu masana suka kira adabin kasuwar Kano, inda marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Soyayya ce ta mamaye fagen, amma samari sun fi karkata ga labaran yaƙi, tsafi da al'ajabi. A wannan ɓangare aka san Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini.

A daidai lokacin, matasan Amurka ma sun duƙufa kan jerin Fear Street na R.L. Stine, wanda ya soma fitowa a 1989, da Goosebumps da ya biyo a 1992.

Dalilin rarraba labari kashi-kashi

Tsadar ɗab'i ce babban dalili. Marubucin da ba shi da kamfani a bayansa ba ya iya fitar da labari mai shafi ɗari uku a tashi guda. Sai ya yanka shi ƙanana, ya buga na farko, abin da ya samu ya zuba a na biyu.

Wannan ya shafi yadda ake gina labarin kansa. Dole kashi na ɗaya ya tsaya a inda hankalin mai karatu ya fi tashi: an buɗe ƙofar da aka hana buɗewa, ko jarumi ya waiwaya ya ga abin da ke bin sa. Idan kasuwa ta karɓa, labari ya miƙe har kashi huɗu ko fiye. Idan ba ta karɓa ba, ko takarda ta yi tsada, sai ci gaban ya yi jinkiri, wani ma ba ya fitowa sam.

Yadda suka iso Dutse

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano ranar 27 ga Agustan 1991, lokacin da kasuwar littattafan ke tashe. Ma'aikatan da aka mayar Dutse sun ci gaba da zirga-zirga zuwa Kano, inda dillalan littattafai suke a kewayen Kasuwar Sabon Gari. Ta hannun matafiya da ƙananan 'yan kasuwa littattafan suka riƙa isowa, daga nan aro da haya su yaɗa su a unguwanni da makarantun kwana.

Aron ne ya yawaita masu karatu, shi ne kuma ya wargaza jerin. Kashi na biyu yakan tafi da abokin da ya koma Birnin Kudu ko Kiyawa, na uku malamin makaranta ya ƙwace.

Abin da ake gudun rasawa

Akasarin littattafan an buga su a takarda mai araha da ba ta jure shekaru. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mawallafi ya ajiye kwafin abin da ya buga, amma da yawan masu buga na kansu ba su bi ta wannan hanya ba. Ƙyamar da aka yi wa littattafan ta ƙara dagula lamarin, har aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007.

Wani ɓangare ya tsira ta hannun masu bincike. A 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa kundin sunayen ƙagaggun littattafan Hausa na 1987 zuwa 2002, yayin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nazarin wannan adabi.

A yau ana sauraron wasu labaran a YouTube, ana tura wasu ta WhatsApp, sau da yawa ba da izinin marubucin ba, wani lokaci ma an cire sunansa.

Mai sake karatu yakan ga kurakuran rubutu da maimaicin da bai lura da su ba yana yaro. Yakan kuma ga abin da ke damun jama'a a wancan zamani: kuɗin tsafi, cin amanar dangi, da yaƙinin cewa addu'a tana rinjayar sihiri.

Wanda ke da cikakken jeri a gida, ya dace ya raba shi da danshi da gara. Sashen nazarin Hausa na jami'a ko ɗakin karatu na jiha a Dutse su ne wuraren da ya kamata a fara tuntuɓa kafin a zubar da ko da kashi ɗaya, domin wataƙila shi ne wanda wani ya shekara talatin yana nema.