Wankin Kayan Lambu Na Rage Ragowar Maganin Ƙwari

Da zarar rani ya kama, kasuwanninmu kan cika da tumatir da latas da kabeji da alayyafo daga fadamu da wuraren noman ban-ruwa irin na Kadawa. Galibin waɗannan kaya an yi musu feshin maganin ƙwari tun suna gona, kuma idan manomi ya tsinke su kafin kwanakin da aka ƙayyade a jikin kwalba su cika, to, ragowar maganin kan biyo su har cikin kwanon abinci.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wato dangin fiya-fiya, da aka samu a cikinsa. Shi wake dafa shi ake yi, balle latas da ake ci ɗanye.

To, mene ne abin yi a gida? Na farko shi ne ruwa mai tsabta. Wani bincike da Tashar Gwajin Aikin Gona ta Jihar Kanetikat a Amurka ta buga a shekarar 2000 ya nuna cewa ɗauraya da ruwan famfo ta rage 9 daga cikin magunguna 12 da aka gwada. Masu binciken sun lura cewa cuɗawa da hannu a ƙarƙashin ruwa mai zuba ita ce ke yin aikin. Saboda haka tsoma kaya cikin roba a tsame bai wadatar ba.

Na biyu shi ne bekin soda, wadda ta bambanta da bekin hoda. A shekarar 2017 masana a Jami'ar Masacusets sun jiƙa tuffa cikin ruwan da aka zuba wa giram 10 na soda a kowace lita, wato kimanin ƙaramin cokali biyu. Cikin minti 12 zuwa 15 ruwan ya kawar da magunguna biyu daga saman ɓawon, domin kaifin soda yana wargaza wasu daga cikin irin waɗannan sinadarai. Ruwan gishiri da binega su ma suna ragewa, sai dai ganye mai laushi kan yi yaushi idan ya daɗe a ciki. Bayan jiƙo lalle ne a sake ɗaurayewa. Sabulu da omo kuwa ba a wanke abinci da su.

Amma wanki yana da iyakarsa. A gwajin tuffar nan, wani kaso na maganin ya riga ya ratsa cikin ɓawo inda soda ba ta kai ba. Akwai kuma magungunan da tsiro ke zuƙewa su bi jikinsa duka. Don haka yana da kyau a fere karas da kokwamba, a kuma yar da ganyen kabeji na waje.

Ashe ke nan babban gyara a gona yake. Wajibi ne malaman gona su ƙara himma wajen nuna wa manoma ma'aunin feshi da kwanakin jira, ɗalibai kuma su riƙa karanta wa iyayensu abin da aka rubuta a jikin kwalba. Rigakafi dai ya fi magani.