Gangar Jikin Rakoda: Nauyi Ba Ƙarko Ba Ne

Har gobe akwai mai sayen rakoda da zai ɗaga ta ya jinjina, in ya ji nauyi ya ce ta yi. Wannan ai awon doya ne! Nauyin tsohuwar rakodar kaset yawanci na manyan batura ne da maganaɗisun lasifika. Gangar kanta yawanci roba ce, kamar irin da ake kira ABS, wadda ke shanye buguwa ba ta lotsa ba. An yi na ƙarfe masu ƙarko, ba musu, kamar Nagra, wadda Stefan Kudelski ya fara ƙerawa a Suwizalan a 1951. Amma wannan kayan masu fim da gidajen rediyo ne. Wadda ta shiga ƙauyukanmu ita ce mai cin kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963.

A Birnin Tsaba, da Zurmi, da Ƙauran Namoda, ba faɗuwa ce ta fi kashe rakoda ba, ƙura ce. Da hunturu ya kama, hazo kan bi ta ƙofar kaset da ramukan maɓallai, ya kwanta kan hed da 'yar tayar robar da ke jan zare. Sai ka ji muryar makaɗi Kassu Zurmi ta dushe, kalangu yana ja da baya, can sai zare ya naɗe. Mai gyara ba ya ko tambaya, auduga da sifirit zai ɗauko. Ga kuma batirin da aka manta a ciki har ya zubo, ya cinye sifirin ɗin da ke riƙe shi.

Shi ya sa ba na jure masu yi wa rigar rakoda dariya. Mutumin da ya kai tasa wajen baduku a kasuwar Shinkafi aka ɗinka mata ta fata, aka huda gurbin lasifika, aka sa maratayi, ya fi mai dariyar sanin na'ura.

Na zamani masu memori ba su da zare, amma ramin caji da na makirfo suna nan a buɗe. In ka ga IP67 a kwali, 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 kuma za ta jure nutsewa mita 1 na minti 30. Ɗan Zamfara ya fara duba shidan.