Kafin A Ce Kishiya Ce Ta Kashe Su

A unguwarmu an wayi gari da gawa biyu a ɗaki guda, uwa da ɗanta na goye. Kafin azahar an kai su makwancinsu, kafin la'asar zance ya gama gari: wai kishiya ce ta zuba guba a tuwon dare. Likita ya roƙi a bar shi ya duba su, ko jini kawai ya ɗiba, dangi suka yi masa caa, wai ba za a wulaƙanta musu mamata ba. Aka wanke kwanon tuwon tas, aka share ɗakin. Janareto kuwa yana nan dab da taga inda ya kwana yana aiki, ko kallonsa ba wanda ya yi. Yau kishiyar nan tana gidan iyayenta, ga saki ga baƙin tabo.

Wannan ganganci ne. Gubar hayaƙin janareto takan mai da jinin mamaci jawur, gwaji ɗaya ya isa ya tona ta.

Masu cewa binciken gawa shigo-shigon Turawa ne su saurara. Wajen shekarar 1200, da yunwa ta yi ɓarna a Masar, Abdullaɗif Al-Bagdadi ya duba tarin ƙasusuwan mutane, ya gano muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne. Jalinusu, likitan da aka yi shekara dubu ana bin maganarsa, cewa ya yi biyu ne, domin dabbobi ya riƙa feɗewa. A 1761 Morgagni na Italiya ya wallafa bayanin gawarwaki kusan 700, yana haɗa ciwon da mutum ya yi da abin da aka tarar a cikinsa. A 1976 majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta binciken gawa don gano laifi ko cuta mai yaɗuwa.

Ajali gaskiya ne, amma sanin sanadi shi ke tsirar da waɗanda suka rage. Idan mutuwar fuju'a ta auku, a ajiye sauran abincin da aka ci, da ruwan sha, da magungunan da ke ɗakin, har na gargajiya. A duba ko an kwana da janareto ko garwashi. A bar likita ya ɗibi jini kafin wanka, bai kai minti goma ba.

Jama'a, mu ji tsoron Allah, mu daina yi wa bayinsa ƙazafi a kan abin da muka ƙi bari a bincika.