Umarnin Komawa Baya a Manhajar Kwamfuta da Yadda Ake Fassara Shi

Kwamfuta tana bin umarni ne ɗaya bayan ɗaya, sai dai in an ce ta tsallaka ko ta koma baya. Ɗalibin fassara yana buƙatar sanin bambancin waɗannan umarnai kafin ya zaɓa musu kalmomin Hausa.

Na farko shi ne GOTO, wanda ake samu a harshen BASIC na 1964. Shi yana tura kwamfuta wani layi ne kawai, ba ya riƙe inda aka baro. Saboda rikicin da yake jawowa ne Edsger Dijkstra ya soki amfani da shi a 1968. Na biyu shi ne RETURN, da takwaransa GOBACK na harshen COBOL. Idan babbar manhaja ta kira wani ƙaramin sashe, kwamfuta takan ajiye adireshin wurin kiran, sashen na gama aiki sai a ci gaba daga nan. Na uku shi ne maɓallin komawa na shafukan intanet, wanda a JavaScript ake rubuta shi history.back().

Na biyu da na uku suna bin ƙa'ida guda: wurin da aka baro a ƙarshe, shi ake fara komawa. Alal misali, mutum ya tashi daga Maiwurno, garin Hausawa da Fulani a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, ya biya ta Sennar, sannan ya isa Dinder. Taku ɗaya baya Sennar zai kai shi. Sai ya ƙara wani kafin ya ga Maiwurno.

Abin lura shi ne, Hausa tana tantance alkiblar tafiya. A rabe-raben Parsons na 1960, aikatau giredi na 6 mai ƙarewa da -o yana nuna motsi zuwa wajen mai magana, shi ya sa aka bambanta koma da komo ko dawo. Tunda a cikin ƙaramin sashen ake rubuta RETURN, "koma" ce ta dace da shi. Amma daga ɓangaren babbar manhaja, cewa za a yi sashen ya "dawo da" sakamako. GOTO kuwa "je ka" ne. Wanda ya fassara shi da "koma" ya sa mai koyo zaton kwamfuta ta san hanyar gida, alhali ba ta riƙe ta ba.