Daga Jiragen Yaƙi zuwa Ƙananan Jiragen Sha'awa

Kalmar "jirgi" ta daɗe a bakin Bahaushe, kuma a da abin da take nufi shi ne kwalekwalen da ake tsallaka gulbi da shi. Da sababbin abubuwan hawa suka zo sai ma'anarta ta faɗaɗa, aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama, mai sarrafa su kuwa ya ci gaba da amsa sunan "matuƙi", ko da yake ya bar ruwa. Wannan takarda za ta dubi jirgin sama ta wata fuska da ba a cika kula da ita ba, wato jirgin da ake so don sha'awa kawai, ba don sufuri ba. A ƙasar Ingila wannan sha'awa tana da ƙarfi ƙwarai, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya bar mata mafi yawan abin da take taƙama da shi. Wani yanki na tarihin nan ta ƙasar Hausa ya bi.

Jiragen sama sun fara sauka a Kano a farkon watan Nuwamba na 1925. Jirage uku ne na sojan Ingila, samfurin DH.9A, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Amfanin hanyar da suka buɗe bai fito sosai ba sai a 1940. A watan Yuni na shekarar Italiya ta shiga yaƙi, sai Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, zagayawa ta kudancin Afirka kuma tana cin makonni. Dabarar da aka yi ita ce, a kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su zuwa Alƙahira. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000, ana yada zango a Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy (Injamena ke nan a yau) da El Fashir da Hartum. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940: jirgin Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya, jiragen Hurricane shida suna biye da shi, kamar madugu da fatakensa. Akan shafa wa bayan jiragen farin fenti domin a iya hango wanda ya faɗi a daji. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Mai karatu zai lura cewa babu garin Nijar ko ɗaya a cikin zangunan. Dalili shi ne, a lokacin Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, alhali gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle tun watan Agusta na 1940. Ba don wannan shawara tasa ba, da hanyar ta yanke a tsakiya. Jamusawa ma sun san haka, domin a watan Janairu na 1942 wani jirginsu ya keto Sahara ya jefa bama-bamai a kan ma'ajiyar mai ta Fort Lamy.

Da yaƙi ya ƙare, ba wanda ya ɗauki waɗannan jirage a matsayin kayan tarihi. Yawancinsu an farfasa su an narkar da ƙarfen. An ƙera Hurricane wajen 14,500, amma waɗanda ke iya tashi a yau ba su kai 20 ba. Spitfire, wanda aka ƙera fiye da 20,000, ya ɗan fi sa'a, saboda shi ne mutane suka fi so. Sannu a hankali aka farga. A 1957 sojan saman Ingila ya kafa wani ɗan rukuni na tsofaffin jirage don tunawa da yaƙin sararin samaniya na 1940, kuma har yanzu rukunin yana nan a sansanin Coningsby. A cikinsa akwai Hurricane na ƙarshe da aka ƙera a 1944, da kuma Lancaster, ɗaya daga cikin biyu kacal da suka rage suna tashi. Ɗayan yana Kanada. Fim ɗin Battle of Britain na 1969 shi ma ya taimaka, domin sai da masu shirya shi suka yi ta farautar tsofaffin jirage suna gyarawa. Filin Duxford, inda aka ɗauki wani sashe na fim ɗin, yanzu gidan adana kayan tarihi ne kuma wurin bikin nuna jirage.

Gyaran irin wannan jirgi aiki ne na shekaru. Bayan gangar jikin Hurricane, alal misali, bututun ƙarfe ne da katako aka lulluɓe da yadi, saboda haka ana buƙatar maƙeri da kafinta da mai ɗinki, ban da makanikin inji. Da yawa daga masu taimakawa a wannan aiki ƴan sa kai ne.

A nan ne kuma gardama take. Wasu suna ganin jirgin da ya rage ƙalilan bai kamata a tashe shi ba, a ajiye shi a rumfa kowa ya gani. Hujjarsu ba ƙarama ba ce: a 2015 wani tsohon jirgin Hunter ya faɗi kan titi a bikin Shoreham ya kashe mutum 11, a watan Mayu na 2024 kuma wani Spitfire na rukunin Coningsby ya faɗi, matuƙinsa ya rasu. Ɗaya ɓangaren kuwa cewa suke jirgin da ba ya tashi gawa ne, domin ƙarar injinsa da yadda ake sarrafa shi su ma tarihi ne, kuma ilimin yakan mutu idan an daina aiki da shi. Hujjar nan ta biyu ta fi ƙarfi, muddin an nisanta jiragen daga taron jama'a kamar yadda aka ƙara tsaurara doka bayan haɗarin Shoreham.

Sai dai mutum nawa ne zai iya mallakar Spitfire? Mafi yawan masu sha'awa a ƙananan jirage suke ƙarewa. Tun a 1925 kamfanin de Havilland ya fito da ƙaramin jirgin Moth, gwamnatin Ingila kuma ta tallafa wa ƙungiyoyin koyon tuƙi. Ƙanensa, Tiger Moth, shi ne aka koya wa dubban matuƙan yaƙi tuƙi da shi, bayan yaƙin kuma aka sayar da ragowar da araha. Ga jirage, ga filayen sauka da soja suka bari, ga mutanen da suka iya tuƙi. Ƙungiyoyin sai suka farfaɗo. A 1956 Cessna 172 na Amurka ya shigo kasuwa, mai inji ɗaya da kujeru huɗu, kuma an ƙera fiye da 44,000, adadin da babu wani jirgi da ya kai. Kafin mutum ya sami cikakken lasisin matuƙi mai zaman kansa, yawanci sai ya yi aƙalla awa 40 a sama a Amurka, ko awa 45 a ƙasashen Tarayyar Turai, ban da jarrabawar yanayi da dokokin sama da karatun taswira.

Akwai ma waɗanda ba sa sayen jirgi a haɗe. Sukan sayi sassansa ne su harhaɗa a gida, hukuma ta duba aikin kafin ta ba da izinin tashi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage, RV-6A na Amurka, shi ne aka ɗan sauya wa fasali aka harhaɗa a Kaduna da sunan Air Beetle, guda wajen 60, sojan saman Nijeriya ya yi shekaru yana koya wa sababbin matuƙa tuƙi da shi.